Kwaɗon Ƙofar Filin Tasha

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Mun ci Jajimaji ɗaya da nema, mun kai wasan ƙarshe, amma ga ni zaune a tsakar gida kamar wanda aka yi wa rasuwa. Matata Hafiza ta kawo tuwo ta mayar.

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun kaina bai fara gyara shi ba. An tafi hutun rabin lokaci babu ci. Saleh, shugaban magoya bayan ƙungiyarmu ta Taurarin Tasha, ya ɗaga hularsa daga can ƙarƙashin rumfa, ni kuma na ja ƙofa na danna kwaɗo. Aikina ke nan tun da aka zagaye filin nan da katanga. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, makullinta a wuyana yake. Idan an je hutu ba mu ci ba sai in kulle, alƙalin wasa ya ji ƙarar kwaɗon, ya tuna ta inda zai fita da hannun da zai buɗe masa. Ba a cin mu a gida, shi ke nan. Haka ake yi a Gashuwa, haka ake yi ko'ina, ba mu muka ƙirƙiro ba. Kuma ni ban taɓa dukan kowa ba.

Alƙalin yau wani malamin firamare ne, Malam Ibram, siriri, wandonsa ya yi masa yawa. Lokaci ya cika ya ƙi busawa, sai satar kallon ƙofa yake yi. Can Elnathan ya ja ƙwallo ya shiga da ita, ya zame a laka shi kaɗai, ko inuwar mutum ba ta taɓa shi ba, sai muka ji usur. Fanareti. Fili ya ɗauka.

Elnathan ne kyaftin, shi ke buga mana fanareti. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ce wa alƙali ba a taɓa shi ba. Alƙali ya yi kamar bai ji ba, wa zai ji a wannan wuri. Sai Elnathan ya ajiye ƙwallon, ya koma tsakiyar fili ya tsaya hannu a ƙugu. Wani ne ya buga, ta shiga.

Da aka tashi masu waya suka kewaye Elnathan. Da kunnena na ji. Ya ce, "Ba mu muka ci ba, kwaɗon Baba Madu ne ya ci. Ni daga yau ba na ƙara buga ƙwallo ƙofa a kulle."

Kwaɗon Baba Madu, wato nawa. A bainar jama'a. Yaron da nake shigarwa fili kyauta tun yana yawo ba takalmi. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Litinin, 7 ga Oktoba

Bidiyon ya gama gari. Ina jera bandar kifi a rumfata ta kasuwa, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan wasan gaba." Har mai tura baro.

A gida ma ban tsira ba. Hafiza ta ce, "Baban Nabila, ashe ƙwallo kake ci ban sani ba? Da na sani ai da na riƙa dafa maka ƙwai." Ban yi dariya ba. Ta ga fuskata ta bar zancen, amma na ji ta a madafa tana sake kunna muryar yaron a wayarta.

Talata, 8 ga Oktoba

Kasuwa. Mun yi lodi a motar Alhaji Goni kamar kullum. Shi ne mai ƙungiyar, rigunan 'yan wasa da takalmansu duk daga aljihunsa suke fitowa, kuma a saman buhunan riɗinsa kwalayen kifina ke tafiya kudu. Ba don motarsa ba da tuni na rufe rumfa, wannan kowa ya sani.

Direbansa ya ce Alhaji ya kalli bidiyon, ya sake kalla, ya ajiye wayar bai ce uffan ba. Alhaji mutum ne mai faɗa, ko shayi aka kawo masa da sanyi sai unguwa ta ji. Shirun nan nasa ne bai yi mini ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na leƙa gidan kallo bayan la'asar. Babu wasa, ƙungiyoyin Turai suna hutu, sai hira ake nunawa da wani ɗan wasa da ya fito ya wanke masu ƙungiyarsa tas, ya ce ba zai yi shiru ba ko za su kore shi. Mai fassara mana yana fassarawa, benci yana girgiza. Saleh ya fi kowa murya: "Wannan shi ne namiji. Ba ya tsoron uban kowa." Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba. Irin waɗannan 'yan wasan muke so tun fil azal, su muke sa wa 'ya'yanmu laƙabinsu, mu manna hotonsu a bayan keke.

Sai Malam Mohammed mai shayi, da ya shigo karɓar kofunansa, ya ce a hankali, "To namu na gida fa?"

Saleh bai ko juyo ba. Ya ce, "Wancan a garin ubansa yake magana."

Alhali kakan Elnathan da jirgin ƙasa ya zo Nguru, tun mahaifin Saleh yana Kumagannam yana kiwon awaki. A bayan tasha aka haifi yaron, a nan aka binne mahaifiyarsa Nguveren, Barbarci ma ya fi ni iyawa. Duk na san wannan, na haɗiye shi da yawu na fito.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan an sauko masallaci Alhaji ya tara mu a zaurensa, ya aika aka kira Elnathan. So yake ya tsaya gaban waya ya janye maganarsa.

Yaron ya zo, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Ladabi kam ba a fi shi ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, idan na ɓata maka rai ka yi haƙuri, kai ubana ne. Amma abin da na faɗa haka yake. Malamin nan da ya busa mana, hannunsa rawa yake yi. Ni na gani, ina kusa da shi."

Na zaci Alhaji zai tashi da shi sama. Sai ya yi dariya. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Jibi kai za ka ja mu Gashuwa, ai kai ne kyaftin." Har da sa a kawo masa lemo.

Da ya fita Alhaji ya dubi Saleh ya ce, "Bar shi tukuna." Tukunan nan ta bi ni har gida.

Asabar, 12 ga Oktoba

Gregory, mahaifin Elnathan, ya zo buɗe shagonsa na kayan babur da safe, ya tarar an ɗora wani sabon kwaɗo a kan nasa. Babu takarda, babu komai, kwaɗo kawai. Sai da aka kira mai walda ya yanke.

Ya biyo ta rumfata da guntayen a hannu. Mun haura shekara ashirin muna gaisawa da mutumin nan. Ya ce, "Madu, naka ne?" Na ce wallahi ba nawa ba ne, na zaro makullina daga wuya na nuna masa. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Ba nawa ba ne. Amma irin nawa ne sak, kuma ni ya fara tambaya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gashuwa. Wasan ƙarshe zagaye biyu ne, yau a gidansu, mako mai zuwa a namu. Hanya ruwa hagu da dama, motarmu tana rarrafe, yara suna ta kiɗa a baya.

Abin da na gani yau ban taɓa ganin irinsa ba. Da 'yan wasanmu suka fito, magoya bayan ƙungiyarsu ta Matasan Bakin Gada, mutanen da suka saba tarbar mu da jifa da ledar ruwa, suka miƙe tsaye. Na ɗauka faɗa ne, har na fara neman inda zan sa kaina. Ashe tafi ne. "Natan mai gaskiya," haka suke ta rerawa. Kyaftin ɗinmu, a filinsu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata.

An je hutu babu ci. Ni ba fili nake kallo ba, ƙofarsu nake kallo, don na san aikin. Mai ƙofarsu wani dattijo ne Babade, mun san juna da ido shekara da shekaru. Na jira ya tashi. Bai tashi ba. Yana zaune a kan kujerarsa kwaɗo a cinya, masu gyaɗa da rake suna shiga suna fita. Haka aka ƙare wasan. Sun ci mu ɗaya ana dab da tashi, ƙwallo mai kyau, daga kwana aka sa mata kai, babu abin da mutum zai ce.

Na je na same shi. Na ce, "Baba, yau lafiya?" Ya ce, "Yara ne suka ce in bari. Wai kunyar yaronku suke ji." Ya juya kwaɗon a hannunsa, sannan ya ce, "Idan mun zo Nguru fa?" Na ce masa mota tana jirana.

A hanyar dawowa babu kiɗa. Saleh ya tsaya a bakin ƙofar mota yana faɗa da ƙarfi don na baya su ji: "Kun gani da idonku. Wa ake yi wa tafi a gidan abokan gaba in ba wanda aka saya ba?" Elnathan yana kujerar ƙarshe, gefensa babu kowa duk da motar ta cika maƙil. Ni ma a tsaye na dawo.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na sa wa kwaɗo mai. Ba ya buƙata.

Talata, 15 ga Oktoba

Wani abu da na lura da shi. A fili kowa zagin yaron yake yi, amma Malam Mohammed ya ƙi karɓar komai a hannunsa da ya sha shayi. Masu keke biyu sun rubuta lambar rigarsa a bayan kekensu, ƙanana, a ƙasa, inda sai ka duba za ka gani. Wani tsoho da ya zo sayen tarwaɗa ya sunkuyo ya ce mini, "Yaron nan ya fi mu," ya waiga, sannan ya ɗauki ledarsa. Mutanen garin nan suna son sa, amma a raɗa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Saleh ya zo rumfa. Ya zauna a kan kwali ya ɓare kifi yana ci ba tare da an ba shi ba.

Ya ce, "Ya Madu, ranar Lahadi ba sai an je hutu ba. Da an take wasa ka kulle. Kuma ko an tashi kada ka buɗe sai ka ga na ɗaga hula."

Na ce ai alƙali da ya ji ƙarar kwaɗo ya gane, ba sai an tsare shi bayan wasa ba.

Ya tofar da ƙaya. Ya ce, "Wa ya ce maka alƙali?"

Ya ce za mu yi baƙi, yara ne daga waje, in bar su su shiga ba tikiti. Ya goge hannunsa a jikin buhuna ya tafi. Na daɗe zaune ƙudaje suna bin kifi ban kore su ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na je share fili da yamma. A bayan rumfa, inda yashi ya taru a jikin katanga, tsintsiyata ta bugi ƙarfe. Na tona da ƙafa. Guntayen rodi ne, an yanke su daidai tsawon hannu, an naɗe gindinsu da roba don riƙo.

Wanda ya naɗe roba ba tsoratarwa ya zo yi ba. Kuma ɗan ƙwallo ba a kansa ake nema, kowa ya san inda ake nema.

Na mayar da yashi. Na ce gobe da sassafe in zo da buhu in kwashe. Na yi tunanin kai ƙara, to in ce me, in ce wa ya ajiye? Kafin in dawo gida labari ya riga ni zuwa zauren Alhaji. Tsoro nake ji, ga shi na rubuta.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na je da buhuna da safe, na tarar da baƙin Saleh sun shimfiɗa tabarma daidai wurin suna karta. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Suka ce, "Sannu Baba mai kwaɗo." Na yi kamar shara na zo kwashewa.

Daga can na wuce bayan tasha. Na tarar da Elnathan a ƙofar gida yana ɗinke takalminsa da zaren buhu. Ya ba ni kujera ya zauna a ƙasa. Na gaya masa komai, har robar.

Na ce, "Kada ka zo. Ka ce zazzaɓi ne, ka tafi wurin 'yan'uwanka ka yi sati biyu."

Ya ce, "Idan ban zo ba, Saleh ya yi gaskiya ke nan, an saye ni. Kuma baba zai ci gaba da buɗe shago a garin nan da sunan ɗansa ya gudu."

Na ce ƙafarka fa. Ya ce zai zo ya buga, idan ya ji ƙarar kwaɗo zai zauna a tsakiyar fili kowa ya gani. Na ce zaman ai shi suke so, ka sauƙaƙa musu aiki. Ya ci gaba da ɗinki. Sau biyu allura tana sukarsa. Ashe shi ma yana tsoro. Ban san me ya sa wannan ya fi tayar mini da hankali ba.

Da zan tafi ya ce, "Baba Madu, ban kira sunanka don in ci mutuncinka ba. A cikinsu duka kai kaɗai ne idan ka kulle ba ka iya kallon fili."

Na ce masa ya iya bakinsa, bakin nan ne ya kai shi inda yake. Na taho ina huci. Wa ya ce ya riƙa kallona?

Asabar, 19 ga Oktoba

Direban Alhaji ya tsaya a rumfa. Wai Alhaji yana gaishe ni, wai ya ce ya san ni ban taɓa ba shi kunya ba, kuma ranar Talata akwai wuri a mota kamar kullum. Kamar kullum ɗin ya maimaita.

Na gaya wa Hafiza. Ta ce in kai wa Saleh makulli in ce ba ni da lafiya, in cire hannuna. Na ce idan na ba shi, ƙofa a kulle. Idan na riƙe, ƙofa a kulle. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Baban Nabila, ni ban san ƙwallo ba. Amma uwar Elnathan ce ta riƙe ni ranar da na haifi Nabila, kana Legas." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ina da 'ya'ya huɗu da rumfa ɗaya. Ba ni na ajiye rodi ba. Ƙofa kawai aka ce in ja.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi wanka, na rataya makulli. Allah ka gani.

Litinin, 21 ga Oktoba

Jiya ban iya riƙe biro ba. Yau ma bakina a kumbure yake, kunu kawai nake sha.

Fili ya cika ya batse tun kafin la'asar, har kan katanga mutane. Motocin Gashuwa uku. Baƙin Saleh suna bayan rumfa a tsaye, ba su ko kallon ƙwallo. Elnathan ya fito da igiyar kyaftin a hannu, rabin fili suna ihu a kansa, rabi sun yi shiru. Aka take wasa, Saleh ya ɗaga hula.

Kuskure na yi. Ƙofar nan kunne biyu gare ta, ɗaya a jikinta ɗaya a jikin ginshiƙi, sai an haɗa su kwaɗo ya ratsa duka biyun. Ni kuwa da gaggawa da turereniyar mutane, na zura shi a kunnen ginshiƙi shi kaɗai na danna. Ya yi ƙararsa ta kullum, duk fili an ji. Elnathan yana da ƙwallo a ƙafa, ya taka ta, ya zauna a ƙasa. Na ga 'yan bayan rumfa sun fara tona yashi da ƙafa.

Sai ƙofar ta buɗe. Jingina na yi da ita, gajiya ce, ta tafi har bango. Kowa ya juyo. Yaron ya ɗago kai ya dube ta, ya dube ni, ya tashi ya ci gaba da wasa.

Saleh ya iso kamar zai tashi sama. "Ya Madu, buɗe ka gyara." Na nuna masa igiyar wuyana, ta tsinke, babu makulli. Suka laluba aljihuna, suka cire mini hula da takalmi, suka tona ƙasan wurin. Yana tambayata ina girgiza kai kawai. A nan ne ya kai mini naushi a baki. Ban buɗe bakin ba, jini ya riƙa bi ta gefe.

Suka kawo wani kwaɗo, bai shiga ba, nawa ya cike kunnen. Aka aika a kira mai walda, wanda ya yanke na shagon Gregory, ya aiko cewa injinsa babu mai. Suka tafi neman sarƙa. Kafin su dawo Malam Mohammed ya jawo bencinsa na shayi ya gindaya a tsakiyar ƙofa ya zauna. Tsohon nan mai sayen tarwaɗa ya zauna kusa da shi. Masu keke suka zo suka tsaya a bayansu, sai mahauta, sai wasu da ban san suna zuwa kallo ba. Babu wanda ya kalli Saleh. Dattijon Gashuwa ma ya taso daga cikin mutanensa ya nemi gefen benci. Da sarƙa ta zo babu inda za a ja ƙofa, sai dai a ja ta a kan dattawa.

An yi wasa. Rabon da in kalli wasa a filin nan tun daga farko har ƙarshe na manta. Elnathan ya ci ɗaya bayan hutu, daga nesa, gola ko motsi bai yi ba, waɗanda suka zage shi ɗazu suka fi kowa tsalle. Gashuwa suka farke. Alƙali ya busa a kan lokaci. Kunnen doki, da cin da suka yi mana a gidansu kofi ya tafi Gashuwa. An ɗauke kofi a Nguru ƙofa a buɗe, ina tsaye.

Usur na ƙarshe bai gama fita ba baƙin Saleh suka taso da rodi. Mutane suka kwarara cikin fili, namu da na Gashuwa, suka yi wa yaron zobe suna turo shi wajen ƙofa, alƙali a tsakiyarsu yana riƙe da rigar wani. Da a kulle take da ban san abin da zan rubuta yau ba. Sun kusa fita ɗaya ya kutso ta ƙasa ya kai masa a gwiwar hagu. Ɗaya tak. Na ji ƙarar daga inda nake. A hannu aka fita da shi, aka sa shi a motar Gashuwa da mahaifinsa, ta tashi ƙofarta ba a rufe ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Motar Alhaji ta tafi. Kwalayena suna nan a rumfa.

Laraba, 23 ga Oktoba

An ce Elnathan yana asibiti a Gashuwa, an ɗaure ƙafar. Likita bai ce zai sake bugawa ba, bai ce ba zai sake ba. An ce magoya bayan Bakin Gada layi suke yi da kwanukan abinci har ma'aikata suna korar su. Shagon Gregory a rufe, da kwaɗonsa shi kaɗai.

Saleh ya wuce ta gaban rumfata a kan babur, a hankali, bai yi sallama ba. Baƙinsa ba a sake ganin su ba, amma an ce ba su bar gari ba. Alhaji har yanzu bai aiko ba. Na hana yara zuwa bayan tasha.

Hafiza tana gasa mini baki da ruwan gishiri ta ce, "Ikon Allah. Naushi daga waje, yanka daga ciki, har da haƙora-haƙora kamar na makulli." Na ce ta yi aikinta. Ta ce to. Miyar yau har da ƙwai.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na bi ta fili bayan masallaci. Kwaɗon yana nan rataye a ginshiƙi, ƙofa tana lilo, awaki sun shiga suna kiwo. An ce Alhaji ya sa a yanke, mai walda ya ce har yanzu bai samu mai ba. Wani ya rubuta lambar rigar yaron da gawayi a jikin katanga, babba, daga nesa ana gani.

A gidan kallo jiya wani ya fara cewa ɗan wasan nan na Turai namiji ne, sai ya yi shiru bai ƙarasa ba.

Gobe zan shiga Gashuwa. Motar da za ta ɗaukar mini kifi zan nema, kada ya lalace a rumfa. Asibitin dai a kan hanya yake, ba ni na gina shi a wurin ba. Hafiza ta ƙulle banda mai kyau a leda ta sa a jakata, ban tambaye ta na waye ba. Makullin ma yana ciki. Ya ɗan lanƙwashe, ba zai ƙara buɗe komai ba, ban san me zan yi da shi a gida ba.

Idan Elnathan ya tambaye ni zan ce masa kuskure ne. Na san ba zai yarda ba. Yaron nan ba ya barin ƙarya ta wuce.